Durƙuso na Ɗari

Shekara goma sha huɗu Colby Hruska yana cin albashin mai jifa a ƙungiyar Mahautan Omaha, kuma bai taɓa jefa ƙwallo a wasan gaske ba. Ba ƙarin gishiri ba ne. A je a duba littafin tarihin wasa, sunansa na nan: jifa, sifili, wadda aka cafe, sifili, wadda abokan gaba suka ƙwace, ita ma sifili. Wuri ɗaya kaɗai aka ɓata tawada a kansa, inda ake rubuta yadin da mutum ya ci da ƙafarsa. A nan an rubuta masa yadi casa'in da bakwai, amma da baya.

Kwatabak ne fa cikakke, wato mai jifa a ƙwallon Amurka, ba na wasan yara ba. Sai dai kowace ƙungiya uku take ajiyewa. Na ɗaya shi ke jagorantar wasa, shi ke jifa, shi ke tallan mota a talabijin. Na biyu yana jiran na ɗaya ya karye. Na uku kuwa yana jiran mutum biyu su karye a rana ɗaya. Colby shi ne na uku, kuma Allah ya haɗa shi da na ɗaya mai suna Trace Lindqvist, wani basamuden da ko mura ba ta san hanyar gidansu ba. Colby mutumin kirki ne, bai taɓa roƙon Allah ya karya Trace ba. Iyakar abin da ya taɓa roƙo shi ne ɗan ciwon ciki na rabin awa, shi ma ba a amsa ba.

Ba zaman banza yake yi ba. Daga Talata zuwa Juma'a shi ne abokin gaba a wurin atisaye. Duk ƙungiyar da za a kara da ita ranar Lahadi, Colby ne zai sa rigar mai jifarsu, ya kwaikwayi tsayuwarsa da ihunsa har da yadda yake sosa hanci, don masu tsaron Omaha su saba. Babu mai jifa a ƙasar nan da Colby bai zama ba, sai shi kansa.

Aikinsa na ranar Lahadi kuwa ya samo asali ne tun shekararsa ta fari. Omaha na gaba da maki, saura daƙiƙu, abin da ya rage kawai a kashe lokaci: mai jifa ya karɓi ƙwallo, ya ja taku ɗaya baya, ya kai gwiwa ƙasa, alƙali ya hura usur, agogo ya ci gaba da tafiya. Asarar yadi ɗaya ke nan, ribar wasa. Koci Boudreaux ya ji tsoron kada wani mai jin haushi ya faɗo wa Trace a banza, sai ya waiwaya ya ce, "Kai, mai riƙe da allo, zo ka durƙusa mana." Colby ya durƙusa. Mako na gaba aka sake ci, ya sake durƙusawa. To, Koci Boudreaux mutum ne da ba ya canza safa muddin ana cin wasa. Shi ke nan, magana ta zauna.

Mutanen Omaha suka ɗauke shi kamar ɗan cikinsu. Suka sa masa suna Fada, don in ba limamin coci ba babu mai durƙuso irin nasa ranar Lahadi. Akwai wani ɓangaren 'yan kallo da ke zuwa da baƙar riga da farar kwala, da ƙaton allo da suke ƙirga durƙusonsa a kai. Da an ga ya ɗauki hular kwano sai fili ya ɗauki "Aaamin!" don shigarsa na nufin an ci wasa. 'Yan jarida suna son faɗa cewa shi kaɗai ne mai jifan da ba a taɓa cin ƙungiyarsa yana cikin fili ba. Colby yakan yi murmushi ya ce ai durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ya faɗa har ya fara jin kamar gaskiya ce.

Mutum ɗaya ne abin bai taɓa burge shi ba, kuma shi ne kaɗai Colby ya damu da shi.

Verlin Hruska manomin masara ne mai 'yan shanu, tafiyar awa biyu yamma da birni. Shi ya rataya tsohuwar tayar tarakta a jikin rumbu tun Colby yana ɗan shekara shida, ya ce ya jefa ta cikinta. Kuma Verlin yana da baki, kai, Allah ya yi masa baki! "Kafaɗa, Colby! Ka buɗe kafaɗa da wuri! Wa kake gaisarwa da ita, maƙwabta?" Da safe faɗa, da yamma faɗa. Ranar da Colby ya ciyo wa makarantarsu kofin jiha, gari kaf ya fito tarbarsa da ganga, uban yana tsaye a bakin mota yana jira ya gaya masa jifarsa ta uku kamar an wurgo kabewa. A jami'a ma bai tsira ba, waya ce duk daren Asabar. Colby ya sha kwanciya yana roƙon Allah ya kawo ranar da tsohon nan zai yi shiru.

Wannan kam an amsa masa.

Tun durƙuson fari Verlin ya koma mutum mai ladabi. "Sannu da aiki," yake cewa. "An gode Allah, an ci." Ya tambayi lafiyar Kendra, matar Colby, ya tambayi farashin mai a birni. Yana yi wa ɗansa irin maganar da ake yi wa baƙon da ya zo sayen saniya. Yana zuwa kowane wasan gida, kujerarsa ɗaya, hularsa ɗaya. Amma da zarar ya ga Colby ya ɗauki hular kwano sai ya miƙe, ya kakkaɓe wando, ya nufi mota don ya riga cunkoso fita. Wasannin share fage na watan Agusta, inda ake barin irin su Colby su ɗan jefa, ba ya zuwa. Ya ce wannan ba wasa ba ne, kuma lokacin yankan ciyawa ne.

Colby yana da gida mai ɗaki shida, da mota uku, da jikin da ba a taɓa bugawa ba. Amma abin da yake so a duniya bai wuce ɗaya ba: ya jefa ƙwallo sau ɗaya a wasan gaske, uban yana kallo, ko tsohon zai buɗe baki ya ce masa wani abu ban da sannu. Ladabin nan ya fi kowane zagi ciwo.

Ranar Kirsimeti suka je gona. Kendra ta gasa kolaci, wani ɗan burodi mai zaƙi da ɗanɗanon 'ya'yan itace, irin yadda marigayiya uwar Colby take yi, Verlin ya ci uku bai ce uffan ba, wanda a wurinsa yabo ne. Ana cikin shan kofi Colby ya ajiye kofinsa.

"Baba, wasanmu da ƙungiyar Tulsa shi ne na ƙarshe. Zan ajiye aikin."

Verlin ya gyaɗa kai. "To madalla. Gwiwa ta huta."

"Shi ke nan abin da za ka ce, Baba?" in ji Kendra.

"Me kuma zan ce, 'yata? Mutum ya yi aikinsa, ba wanda ya taɓa kawo ƙararsa."

"Ina so ka zauna har a tashi," in ji Colby. "Wannan karon kawai."

"Shanu ba su san ana wasa ba. In na bari cunkoson nan ya kama ni, sai duhu."

"Maƙwabci zai ba su abinci, na yi masa magana."

"A'a, kada a ɗora wa mutane. Kai dai ka yi abinka, na san yadda yake ƙarewa." Ya miƙa hannu ya ɗauki kolaci na huɗu.

Suka kama hanyar komawa. Kendra ta juyo ta dubi Colby. "Kai dai ka samo jifarka," ta ce. "Tsoho ka bar ni da shi. Ba da makulli ake tada mota ba?"

Washegari Colby ya shiga ofishin Koci Boudreaux, ya same shi ya ɗora ƙafa kan tebur yana kallon faifan Tulsa. Ya faɗi abin da ya kawo shi ba kwana-kwana.

Koci ya sauke ƙafa. "Fada, ka sha wani abu ne?"

"Jifa ɗaya, Koci."

"Muna gaba da maki, saura daƙiƙu, sai mu jefa? Ka san wannan cin fuska ne, ba a yi. Mutum ya faɗi ba ka bi shi da duka. Kuma kocin Tulsa aminina ne, shi ya tsaya mini a aurena na biyu."

"To ka sa ni a tsakiyar wasa."

"In cire Trace? Kana so a ƙone mini gida?" Ya jawo aljihun tebur ya wurgo masa wata riga. A gabanta an zana mutum a durƙushe da hular kwano, a ƙasa an rubuta 100 da ruwan zinare. "Ka gani? Mutanen sama, shugabannin ƙungiya, sun buga dubu ashirin. Kana da casa'in da bakwai, saura uku. Mai ƙungiya da kansa zai sauko fili. Kai, Fada, ka san mutum nawa suka jefa ƙwallo a ƙasar nan aka manta da su? Kai fa har jikokinmu za su ji labarinka."

"Labarin me, Koci?"

Koci ya jingina da kujera. Ya sosa ƙeya. Shekara goma sha huɗu mutumin nan bai taɓa roƙonsa komai ba, ko hutun kwana ɗaya.

"Babana zai zo," in ji Colby.

"Ai kullum yana zuwa."

"Zai zauna."

Koci ya daɗe yana kallon rigar. "Allah ya isa tsakanina da kai," ya ce a ƙarshe. "Ji nan. In muna gaba, kuma ƙwallo ta zo hannunmu a ƙarshe, karɓar farko da ta biyu nawa ne. Ka durƙusa, ka cinye mini agogo har ya kusa mutuwa. Ta uku taka ce. Zan kira aminina in ba shi haƙuri tun yanzu. In mutanen sama suka tambaye ni, ban ji ba, ban gani ba, kai ne ka haukace."

Mutum biyu kawai Colby ya gaya wa. Na fari Malakai Tupou, ɗan tsakiya, wanda ke miƙo masa ƙwallo ta tsakanin ƙafafu, ƙato mai nauyin ɗan maraƙi. Na biyu Rondell Haskew, mai cafe ƙwallo, wanda shi ma gemunsa ya fara furfura. Duk makon nan, bayan kowa ya watse, sukan tsaya su uku. Malakai ya miƙo, Colby ya ja taku biyar, ya saki. Ƙwallo ta tafi tana juyi kamar an zare ta da igiya, ta sauka a hannun Rondell yadi hamsin.

"Kai!" in ji Rondell. "Dama da wannan hannun kake zaune kana riƙe allo? Fada, ka cuce mu."

"Ni dai tsorona ɗaya," in ji Malakai, "kada ka ji mutane na amin ka ɗauka coci kake."

Suka yi dariya, har da Colby.

Lahadi ta zo da sanyi mai shiga ƙashi. Tun hantsi filin ajiye motoci ya cika da hayaƙin gashi, ana juya tsiren alade da masara, kowa da rigar ɗari a kan rigar sanyi. Colby ya tsaya a gefen fili da allonsa kamar kullum, sai dai yau lissafi yake ta yi. In Tulsa suka yi gaba, ba jifa. In wasa ya ƙare ƙwallo na hannunsu, ba jifa. Bai taɓa yi wa Trace addu'a da zuciya ɗaya irin ta ranar nan ba. Trace kuwa ya yi abin da ya saba, ya jefa uku har gidan cin maki a ƙarshen fili. Aka kai Omaha na da maki talatin da ɗaya, Tulsa goma. Tulsa suka yi ta fafutika a ƙarshe, suka ƙare duk damarsu ta tsayar da agogo, sannan ƙwallo ta kuɓuce musu.

Saura minti ɗaya da daƙiƙa ashirin da biyar. Daidai karɓar ƙwallo uku, ba ƙari ba ragi.

Colby ya ɗauki hular kwano, fili ya ɗauki "Aaamin!" Yau ba wanda ya tashi, kowa na jiran ɗari. Ya ɗaga kai ya dubi layin kujeru na tara. Ga Verlin can a tsaye yana lalube aljihun wando, ya koma na riga, ya leƙa ƙarƙashin kujera. Ga Kendra kusa da shi ta harɗe hannu tana kallon sama kamar ba ta san komai ba. Tsohon ya dube ta, ya daɗe yana dubanta, sannan ya zauna.

Malakai ya miƙo. Taku ɗaya baya, gwiwa ƙasa, usur.

"Casa'in da takwas!" in ji mutum dubu saba'in.

Suka tsaya suna kallon agogo yana cin kansa. Malakai ya sake miƙowa. Taku ɗaya, gwiwa, usur.

"Casa'in da tara!"

Suka haɗa kai a da'ira, tururi na fita daga bakinsu. Muryar Koci ta shigo ta 'yar rediyon cikin hular: "To, Fada, na wanke hannuna. Kada ka karɓa sai saura daƙiƙa biyu." Colby ya dubi fuskoki goma. Ya sha tsara abin da zai faɗa a wannan lokaci, amma duk ya gudu.

"Jifa za mu yi," ya ce.

Wani ɗan sabon shiga ya yi dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye.

"Ku tare mini su daƙiƙa uku kawai. Rondell, ka ruga har ƙarshen fili. Kada ka waiwaya sai ka taka layin yadi goma na ƙarshe, ko me ka ji."

"Ko ƙahon tashin duniya ne," in ji Rondell.

Suka jera. Wani ƙaton ɗan Tulsa ya leƙo ta kan kafaɗar Malakai ya ce, "Tsoho, kocinmu ya ce mu bar ka ka yi jifarka. Ka yi sauri don Allah, yatsuna sun daskare." Mutane sun miƙe tsaye gaba ɗaya, suna buga ƙafa, suna "Ɗa-ri! Ɗa-ri!" har ƙasa na rawa. Colby ya sa hannu a ƙarƙashin Malakai. Taku biyar, ya gaya wa kansa. Taku biyar, kafaɗa a rufe, ka saki. Daƙiƙa biyar. Huɗu. Uku. Ya yi kira, ƙwallo ta faɗo tafinsa, da sanyinta da kaushinta kamar kullum.

Ya ja taku ɗaya.

Har yau Colby zai rantse maka cewa kansa ya ba da umarnin taku na biyu. Ya ji umarnin ya fita. Amma ƙafar dama ta yi shekara goma sha huɗu tana aiki ɗaya, a wuri ɗaya, da ihu iri ɗaya a kunne, kuma minti ɗaya da ya wuce ta yi shi sau biyu an yaba mata. Ba ta tsaya jin ta bakin kowa ba. Ta lanƙwashe a hankali, cikin natsuwa, ta kai gwiwa ƙasa yadda ba mai iya yi a duk faɗin ƙasar. Sabo turken wawa.

Usur. Agogo ya mutu. Wasa ya ƙare.

Fili ya fashe. Aka harba takardun zinare sama, ƙaton allo ya kama walƙiya da 100, masu farar kwala suna rungumar juna suna kuka. Malakai ya juyo ya dube shi ta cikin ƙarfen hula, ya kau da kai, kuma Colby ya gode masa a ransa.

Yana durƙushe, ƙwallo a hannu. Bai taɓa jin kunya da baƙin ciki irin wannan ba. Sai ya hango can nesa mutum ɗaya bai daina wasa ba. Rondell ne, kai a sunkuye, yana ta sheƙa gudu shi kaɗai, don an ce kada ya waiwaya ko me ya ji.

Colby ya miƙe. Bai ja taku biyar ba, bai tuna da kafaɗa ba. Ya tattara haushin shekara goma sha huɗu ya wurga.

Ƙwallon ta tashi ta ratsa takardun zinare, ta yi sama har ta ƙanƙance, sannan ta sunkuyo. Rondell ya taka layin goma, ya waiwaya, ya ɗan rage gudu, ta sauka a hannunsa. Ya shige gida da ita ya ɗaga hannu sama, ya juyo yana neman masu taya shi murna. Babu alƙali ko ɗaya a wajen. Masu ɗaukar hoto duk sun juya wa abin baya suna ɗaukar allo. Wani mai share fili ne ya karɓi ƙwallon a hannunsa ya jefa cikin buhu.

Sauran Colby ya gan shi kamar a mafarki. Aka ɗaga shi a kafaɗa aka zaga da shi. Mai ƙungiya ya sauko da rigar gashi har ƙasa, ya miƙa masa matashin durƙuso irin na coci, na jan karan-miski, an saƙa 100 a tsakiya. Koci Boudreaux ya rungume shi yana hawaye ya raɗa masa, "Na san ba za ka ba ni kunya ba. Wallahi kai ɗan halak ne, ka tuna da mutane." Wata 'yar jarida ta tura masa makirufo ta ce me ya ji a ransa lokacin da gwiwarsa ta taɓa ƙasa. Ya ce ba zai iya kwatantawa ba, kuma wannan ce gaskiyar da ya faɗa duk ranar.

Rana ta yi ƙasa lokacin da ya fito filin motoci, matashin a hammata. Motoci sun cushe tun daga ƙofa har kan babbar hanya, ba mai motsi. Ya tarar da su a jikin tsohuwar akori-kurar Verlin. Kendra ta dube shi, idonta ya yi ja, ta sa masa makullin a hannu, ta ce za ta bi su a baya da tasu motar. Ta tafi ta bar su.

Verlin yana jingine da ƙofa, hannu a aljihu, yana kallon cunkoson da ya yi shekara goma sha huɗu yana guje wa. Colby ya tsaya a gabansa yana jiran sannu da aiki. Ya riga ya shirya, zai ce yauwa Baba, su rabu lafiya.

"Wa ya koya maka wannan?" in ji Verlin.

Colby ya sunkuyar da kai. "Baba, wallahi ƙafar ce. Ni na yi niyyar..."

"Wa ya tambaye ka ƙafa? Kafaɗa nake magana! Ka buɗe ta tun kafin ka ɗaga hannu, kamar ƙofar rumbu da iska ta kaɗa. Wa kake gaisarwa da ita?"

Colby ya ɗago.

"Yaron nan sai da ya rage gudu, da idona na gani, taku biyu cur ya rage yana jiranka! Mutum mai furfura ya yi maka gudun yadi sittin a cikin sanyin nan, ka sa shi jira. Da akwai mai tsaro a bayansa da tuni an ƙwace, ana dariyarmu har Tulsa."

"Ai ba a ƙirga ta ba, Baba. An riga an hura usur."

"Gara da ba a ƙirga ba! Wannan za a rubuta a jikin sunan Hruska? Kuma ƙafarka ta baya ina ka kai ta? Kamar mai tsallake kwata. Mene ne wannan a hammatarka?"

"Matashi ne suka ba ni."

"Jefa shi baya, karen gida zai samu wurin kwana. Tayar nan tana nan a jikin rumbu, ban taɓa sauke ta ba. Tunda yanzu ba ka da aikin yi, gobe ƙarfe shida, bayan ka ba shanu abinci. Me kake yi wa dariya? Na faɗi abin dariya ne?"

"A'a, Baba."

"To goge fuskarka, mutane na kallo. Ƙato da kai. Shiga ka ja mota, tunda kai da matarka kun iya satar makulli."

Colby ya wurga matashin a bayan mota, ya shiga ya tada. Suka yi taku goma suka tsaya, jajayen fitilu a gabansu har iyakar gani. Verlin bai ko lura ba. Ya gama da kafaɗa ya koma kan yatsu, daga yatsu ya gangaro kan ƙugu, daga nan ya tono wata jifa ta shekarar ƙarshe a jami'a wadda ashe tun lokacin take cinsa. Yana yi yana buga gaban mota da tafin hannu.

Can wani ɗan sanda ya buɗe wata hanya ta gefe, yana yafito motoci su bi ta nan su huta. Colby ya gan shi sarai. Ya kau da kai, ya zauna a layinsa.